NANA ASMA'U 'YAR SHEHU, MAI JINYAR ZUKATAN DA YAƘI YA RAUNANA

In an ambaci yaƙi, abin da ya kan fara faɗo wa mutum a rai shi ne dawaki da barade, da wanda ya ci da wanda aka kora. Masu rubuta tarihi ma galibi nan su kan tsaya, su ƙidaya waɗanda suka faɗi a fagen fama, su naɗe takarda. Amma bayan kowane yaƙi a kan bar waɗansu jama'a waɗanda ko sanda ba su ɗauka ba, watau mata da yara da tsofaffi, su ne su ke kwana su tashi da abin da idonsu ya gani. In ka dube su jikinsu lafiya lau, ba rauni ba tabo, amma barci ya ƙaurace musu, ɗan motsi kaɗan ya razana su, abinci ya fita ransu.

Mu mutanen birnin Kano mun san wannan ciwo. Kakanninmu sun ga Yaƙin Basasa tsakanin Tukurawa da Yusufawa daga 1893 zuwa 1895, sun kuma ga shigowar Turawa cikin Fabrairu 1903. Mu ma a zamaninmu mun ga abin da ya auku ran 20 ga Janairu 2012, da na ran Jumma'a 28 ga Nuwamba 2014 a Babban Masallaci, dab da gidan Sarki, inda mutum fiye da 100 suka rasu. Mun kuma sauki 'yan'uwanmu na Barno da Yobe waɗanda tashin hankali ya koro daga gidajensu. Saboda haka muka ga ya dace mu kawo wa masu karatu tarihin wata baiwar Allah wadda ta sha irin wannan wahala tun tana yarinya, da ta girma kuma ta ƙarar da kwanakinta wajen kwantar da hankalin waɗanda suka sha irinta. Ita ce Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. A Sakkwato ta zauna, amma aikinta ya iso har cikin Gidan Rumfa, kamar yadda za mu gani a gaba.

HAIHUWARTA DA ƘURUCIYARTA

An haifi Nana Asma'u a Degel, cikin ƙasar Gobir, a 1793. Tagwaye ne ita da ɗan'uwanta Hassan. Bisa al'ada da Husaina za a kira ta, amma Shehu ya raɗa mata sunan Asma'u 'yar Sayyadina Abubakar. Mahaifiyarta Maimuna ta rasu tun tana ƙarama, sai ta tashi a hannun sauran matan Shehu. Gidan kuwa gidan karatu ne, maza da mata duka, don Shehu ya sha yin suka ga malaman da su ke koyar da almajirai a zaure su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Ta haddace Alƙur'ani, ta yi nisa cikin ilmi, ta kuma iya harshe huɗu: Larabci, da Fulatanci, da Hausa, da na Buzaye.

Ba ta more wannan zaman lafiya da daɗewa ba. A ƙarshen 1803 rundunar Sarkin Gobir Yunfa ta faɗa wa Gimbana, garin Malam Abdussalami almajirin Shehu, ta kwashi mutane. Aka biyo da su a ɗaure ta kusa da Degel, jama'ar Shehu suka fito suka kwance su. Daga nan al'amari ya ɓaci tsakanin Shehu da Yunfa. Cikin Fabrairu 1804 Shehu ya yi hijira zuwa Gudu da iyalinsa da jama'arsa, a lokacin Asma'u ba ta wuce shekara 11 ba.

SHEKARUN GUDUN HIJIRA

Kowa ya san labarin Tafkin Kwatto, inda jama'ar Shehu suka rinjayi Gobirawa cikin Yuni 1804. Abin da ba a cika tunawa da shi ba shi ne abin da ya biyo baya. Kafin shekarar ta ƙare aka yi karon Tsuntsuwa, kusa da Alƙalawa, inda jama'a suka yi hasarar mutum wajen 2,000, cikinsu har da mahaddata Alƙur'ani wajen 200. Cikin 1805 aka gangara ƙasar Zamfara, daga can aka nufi Gwandu, aka kuma sha kashi a Alwasa. Ga yunwa, ga cuta, ga tafiya ba ranar zama. Mata da yara suna biye da runduna, duk inda aka sauka ba su san ko za su kwana nan ba.

Mai karatu ya dubi 'yarsa ko ƙanwarsa mai shekara 11, ya ƙaddara ita ce a cikin wannan ayari. Malaman da ta sani a Degel ta ji an ce sun faɗi. Matan da ta ke gaisarwa kullum ta gan su sun shiga takaba rana ɗaya. Cikin waɗannan shekaru aka yi mata aure da Giɗaɗo ɗan Laima, aminin wanta Muhammadu Bello, wanda daga baya ya zama Wazirin Sakkwato. Sai cikin 1808 Alƙalawa ta faɗi, aka kashe Yunfa, sa'an nan jama'a suka sami wurin ajiye kaya. Abin da yarinyar nan ta gani kuwa bai fita ranta ba, gama bayan shekara 30 da wani abu ta zauna ta tsara labarin tafiyar duka da Fulatanci, zango zango. Ƙanenta Isa ya juya shi zuwa Hausa, shi ne a ke kira Waƙar Gewaye.

WAƊANDA YAƘI YA BARI

Faɗuwar Alƙalawa ba ta kawo ƙarshen yaƙi ba. Shehu ya rasu a Sakkwato cikin Afrilu 1817, ba a daɗe ba Hassan abokin tagwaicinta ya bi shi. Bello na hawa sarauta sai Malam Abdussalami, wanda a kan mutanensa aka fara rigimar tun farko, ya yi tawaye a Kware. Farkon 1818 aka ci Kware, shi kuma ya rasu da raunin da ya samu. Watau waɗanda suka yi hijira tare jiya, yau sun zare wa juna takobi. Aka yi ta fama da Gobirawa da Kabawa da Katsinawan Maraɗi har zuwa yaƙin Gawakuke cikin 1836, inda aka kashe Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina na Maraɗi Rauda, aka kuma kamo jama'a masu yawan gaske.

A nan wajibi ne mu faɗi gaskiya, ko da ba ta da daɗin ji. Matan da suka cika Sakkwato da Wurno da ƙauyukan kewaye a wannan zamani, da yawansu rundunar 'yan'uwan Asma'u ce ta kamo su. An kashe mazansu, an raba su da garuruwansu, waɗansu an sa su ɗaka, waɗansu an kai su gandu. Ba su jin Larabci, ba su jin Fulatanci. A gefe guda kuma ga matan waɗanda suka faɗi a ɓangaren jama'a, da marayunsu. Duka biyu kuka ɗaya su ke yi, kuma cikin gida ɗaya a ke so su zauna su yi renon 'ya'ya tare.

Matan Gobir suna da inda su kan kai damuwarsu tun fil azal, watau wurin bori. A Alƙalawa Inna, 'yar gidan sarauta, ita ce shugabar 'yan bori, kuma uwa ce ga matan ƙasar. Macen da baƙin ciki ya danne, ko firgita ta hana ta sukuni, in ta je can za ta tarar da taron 'yan'uwanta mata, da kiɗa, da mai sauraronta. Malaman jihadi sun hana bori, sun ɗauke shi abin da ya saɓa wa addini, Asma'u ma ra'ayinta ke nan, ta kuwa rubuta gargaɗi a kansa. Amma ta gane abin da hani kaɗai ba ya iya yi. In ka rufe wa mai ƙishirwa rijiya ba ka nuna masa wata ba, da dare zai koma ya buɗe.

'YAN TARU

Dabarar da ta yi ita ce wadda har yanzu a ke kira 'Yan Taru. Wajen shekarun 1830 zuwa 1840 ta fara zaɓen mata dattijai masu hankali da riƙon amana daga ƙauyuka. Kowace ta kan naɗa ta jaji, sunan da a ke ba mai jan ayarin fatake. Ta kan ɗora mata malfa, ta naɗa mata jan ƙyalle a kai. Malfar nan kuwa da ma alamar Innar Gobir ce, saboda haka duk Bagobirar da ta hango jaji ta san ta ga uwa wadda za a kai wa kuka. Asma'u ta ɗauki alamar da matan suka saba girmamawa ta ba ta sabuwar ma'ana.

In an gama aikin gona, kowace jaji ta kan tattaro 'yan mata waɗanda ba su isa aure ba da matan da suka manyanta, ta jawo su a ƙasa har gidan Asma'u. Matan aure masu reno su kan zauna gida, in ayari ya komo a kawo musu abin da aka samo. Su kan zo da 'yar sadakarsu, hatsi ko zuma ko man shanu ko zane, ita kuma ta rarraba wa makafi da guragu da sauran mabukata. Ta kan zauna da su, ta ji matsalolinsu, ta warware musu abin da ya shige musu duhu, ta koya musu karatu cikin waƙa.

Don waɗannan mata ne ta dage ga rubutu da Hausa, ko da ya ke Fulatanci ne harshen gidansu, Larabci kuma shi ne na malamai. Ta tsara sunayen surorin Alƙur'ani cikin gajeriyar waƙa yadda mace za ta riƙe su tana daka ko tana kaɗi. Wajen 1837 ta tsara wata a kan mata salihai, tun daga matan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, har zuwa matan gidan Shehu, don baiwar da aka kamo jiya ta san akwai mata a wannan tafarki, ita ma tana da wuri cikinsu. Ta kuma hori 'Yan Taru da duba marasa lafiya, da taimakon mai naƙuda, da wankan gawa, da sulhunta masu husuma. Macen da aka raba da danginta ta sami waɗansu dangi, wadda ta ga kamar ba ta da sauran amfani ta sami aikin da a ke nemanta dominsa. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, in ji Hausawa, a kan wannan ta kafa aikinta.

MAGANIN TSORO DA NA BAƘIN CIKI

Cikin 1839 ta wallafa wani littafi da Larabci mai suna Tabshirul Ikhwan, a kan neman waraka da surorin Alƙur'ani. Abin lura a cikinsa shi ne irin cututtukan da ta jera. Tare da ciwon kai da ciwon ido da wahalar haihuwa, ta kawo tsoro, da damuwa, da ƙuncin rai, da fargabar talauci, da ta hanya, da ta zaluncin mai iko. Watau a wurinta zullumi cuta ce kamar sauran cututtuka, mai ita ya cancanci a yi masa jinya, ba abin kunya ba ne balle a yi masa dariya. Da Larabci ta rubuta shi don malaman da jama'a su ke kai wa kuka su sami abin da za su ba su. Gidan nasu kuwa ba su raba addu'a da magani ba, gama Sarkin Musulmi Bello da kansa ya yi rubuce-rubuce a kan magunguna, har da na basir da na ciwon ido.

Hanya ta biyu ita ce marsiyya, watau waƙar makoki. Asma'u ta yi tsawon rai, ta binne kusan dukan waɗanda suka yi hijira tare. Ta yi wa baffanta Abdullahin Gwandu marsiyya, ta yi wa Bello da ya rasu a Wurno cikin 1837, ta yi wa mijinta Giɗaɗo, ta yi wa aminiyarta A'ishatu matar Bello. A cikinsu ba ta ɓoye hawayenta ba, ta faɗi kaɗaicin da ta shiga da zafin rabuwa a fili, ta kuma nuna cewa kuka bai saɓa wa haƙuri ba muddin ba a yi wa Ubangiji tsiwa ba. Mace mai takaba da ta ji 'yar Shehu da kanta ta yi kuka, ta san ita ma ba laifi ta yi ba.

Ba manya kaɗai ta yi wa ba. Ta yi wa maƙwabciyarta Halima, ta yi wa Zaharatu wadda ta kan zauna da masu naƙuda ta kuma wanke gawa, ta yi wa Hawa'u, wata jaji da ta yi shekaru tana jawo mata zuwa gare ta. Ba don ita ba da sunayen waɗannan bayin Allah sun ɓace. Da haka ta koya wa jama'a cewa rashin talaka ma rashi ne.

YADDA AIKIN YA ISO KANO

Tsakanin gidan Asma'u da Kano akwai igiya biyu. Ta fari, Wazirin Sakkwato shi ne ƙofar Kano wurin Sarkin Musulmi, saboda haka al'amuran Kano ta hannun mijinta su ke bi, daga baya kuma ta hannun ɗanta Waziri Abdulƙadir. Ta biyu ita ce ƙanwarta Maryamu 'yar Shehu, wadda ta auri Sarkin Kano Ibrahim Dabo. Dabo ya yi sarauta daga 1819 zuwa 1846, farkon zamaninsa kuwa duk a yaƙi da garuruwan da suka yi tawaye ya ƙare, saboda haka Gidan Rumfa ma cike ya ke da irin matan da muka ambata. Maryamu ta zauna cikinsu tana koyarwa. Bayan rasuwar Dabo ta koma Sakkwato, da Asma'u ta rasu kuma ita ta riƙe 'Yan Taru.

Maryamu ba ta manta da Kano ba. Cikin shekarun 1880, sa'ad da labarin Mahadi ya tayar da hankalin jama'a, mutane suka riƙa kwashe iyali suna nufar gabas, ta rubuto wa Sarkin Kano takarda tana bayyana cewa lokacin ƙaurar da Shehu ya yi ishara da ita bai yi ba tukuna, jama'a su zauna. Aikin gidansu ke nan, kwantar da hankalin wanda ya firgita.

RASUWARTA DA ABIN DA TA BAR MANA

Nana Asma'u ta rasu a 1864 tana da shekara 71, aka binne ta kusa da mahaifinta a Hubbaren Shehu. Abin da ya wanzu na rubutunta ya kai wajen 60, waƙa da zube. Jikokinta na gidan Waziri ne suka adana takardun, musamman Waziri Junaidu wanda ya rasu a 1997. A shekarar nan kuma Jean Boyd da Beverly Mack suka buga su a littafi guda tare da fassarar Turanci.

Likitocin zamani sun ba ciwon nan sunaye, sun kuma auna yawansa. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a wuraren da yaƙi ya shafa, wajen mutum ɗaya cikin biyar yana fama da wata lalura ta ƙwaƙwalwa, kamar ƙuncin rai ko firgita mai daɗewa. Likitocin wannan fanni kuwa kaɗan ne, ba za su taɓa isa kowane gida ba. Don haka a Harare ta ƙasar Zimbabuwe, wajen 2006, wani likita mai suna Dixon Chibanda ya koya wa tsofaffin mata yadda za su zauna a kan benci a harabar asibiti su saurari masu damuwa da harshensu, aka kuwa gwada aka ga yana magani. Wanda ya san labarin jaji da malfarta ba zai yi mamaki ba, gama an riga an yi haka a ƙasar Hausa fiye da shekara 150 kafin nan.

To, malaman makaranta da ma'aikatan ofis, ku ne ku kan fara gamuwa da waɗannan mutane kafin likita ya gan su. Yaron da aka kawo ajinku daga garin da aka ƙone, in kun ga ya yi shiru ba ya wasa, ko ya zabura in an buga ƙofa, ko karatu ya ƙi zama a kansa, kada ku fara da bulala. Ku jawo shi a jiki, ku haɗa shi da abokai, ku nemi mai riƙonsa ku ji labarinsa. Matar da ta zo gaban teburinku ta kasa tuna shekarar haihuwar ɗanta, ko ta fashe da kuka a tsakiyar magana, ba raini ba ne, ku ba ta wurin zama, ku yi mata magana da harshen da ta ke ji. Kada a matsa wa kowa ya faɗi abin da ya gani, amma in ya fara a saurare shi har ya gama, a kuma rufa masa asiri. In kuwa abin ya yi tsanani, mutum ya daina barci ko ci, ko ya fara zancen halaka kansa, sai a gaggauta kai shi asibitin Dawanau ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, a haɗa addu'a da magani. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu cikin Janairu 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tabbatar wa irin waɗannan marasa lafiya haƙƙinsu na a yi musu jinya cikin mutunci.

Abu na ƙarshe da za mu tuna shi ne Asma'u ba ta tambayi matan da suka zo mata ko mazansu a wane ɓangare suka faɗi ba. Bagobira da Bafulatana tabarma ɗaya ta shimfiɗa musu. A unguwanninmu na cikin birni ba a rasa dattijuwa mai amana wadda mata su ke kai wa kuka, abin da ya rage shi ne hukuma da masu unguwanni da malamai su san da ita, su ƙara mata sani, su nuna mata ƙofar asibiti.

Allah ya ji ƙan Nana Asma'u, ya saka mata da alheri, ya kwantar da hankalin duk wanda tashin hankali ya raba da gidansa, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.